Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi: Rarrabuwar Kai A Fafitikar Masu Neman Jinsi Ɗaya

Nassin laccar da aka gabatar a Dogon Dutsi, gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na ƙasar Arewa.

 

Maganar yau tana cikin waɗanda ake yi da raɗa, in kuwa ba da raɗa ba to da ihu. Tsakanin raɗa da ihu ba a cika samun wanda zai tsaya ya faɗi abin da ya auku, da shekarar da ya auku, da wanda ya ji jiki a ciki ba. Hukuncin addini a kan luwaɗi da maɗigo sananne ne, yana hannun malamai, kuma laccar nan ba ta zo ta karɓe musu aiki ba. Abin da ta zo dubawa shi ne siyasar al'amarin: su wane ne suke magana da sunan waɗannan mutane, me ya raba kansu, kuma a kan wa sanda take sauka duk lokacin da rigimar ta tashi. Babu wanda ya taɓa ganin jerin gwano da tuta mai launin bakan gizo a kasuwar Dogon Dutsi, amma dokokin da rigimar ta haifa sun riga sun iso, daga Birnin Kebbi ta kudu da kuma daga Yamai ta yamma, kuma doka in ta zo ba ta tambayar mutum ko ya san tarihinta.

A zaman hira a tashar mota ko a inuwar ofis, yawancin mutane suna ɗaukar masu haruffan nan huɗu na LGBT tamkar runduna guda ce, mai kwamanda ɗaya da baitulmali ɗaya a ƙasar Turai. Wanda ya rayu a Nijar cikin shekarun 1990 bai kamata ya yarda da irin wannan zance a kan kowace tafiya ba. An ga ƙawancen AFC ya ci zaɓen 1993, an kuma ga PNDS ta fice daga cikinsa a watan Satumba na 1994, har abin ya kai ga juyin mulkin 27 ga Janairu 1996. An ga matan da suka yi tattakin 13 ga Mayu 1991 kafaɗa da kafaɗa sun wayi gari a 1992 da RDFN a gefe guda, AFN a gefe guda. Izala ma, da aka kafa a Jos a 1978, ta daɗe tana da ɓangaren Jos da ɓangaren Kaduna kafin sulhun 2011. Duk inda mutane suka taru neman wani abu, gardamar hanya da ta shugabanci da ta kuɗi tana biye da su. Masu neman jinsi ɗaya ba su kuɓuta ba, hasali ma tasu gardamar ta fi tsami, domin abin da ya haɗa su ƙalilan ne, abin da ya bambanta su kuwa, na dukiya da launin fata da ƙasa da addini, yana da yawa.

A Amurka aka fara. Ƙungiyar Mattachine, wadda Harry Hay da abokansa suka kafa a Los Angeles a 1950, ba ta cika shekara uku ba sai da mambobinta suka ture waɗanda suka kafa ta, saboda tsoron a ce da su ƴan kwaminis. Waɗanda suka gaje ta suka zaɓi hanyar lallashi: a sa kwat da taye, a nemi likitoci da lauyoyi su yi magana, kada a tsokani kowa. Aka yi ta haka har daren 28 ga Yuni 1969, lokacin da ƴan sanda suka kai samame wata mashaya mai suna Stonewall a birnin New York, mutanen ciki kuma suka ƙi gudu suka mai da martani. Yawancin waɗanda suka yi arangamar ba masu kwat ba ne, matasa ne marasa galihu, da baƙaƙen fata, da maza masu shigar mata. Daga tarzomar aka samu ƙungiyar GLF mai ra'ayin juyin juya hali, wadda ta so ta haɗa gwagwarmayarta da ta baƙaƙen fata da ta masu adawa da yaƙin Biyetnam. Kafin shekarar ta ƙare wasu sun ɓalle sun kafa GAA, suka ce su batu ɗaya suka sani, ba ruwansu da yaƙin wasu. A 1973 kuwa, a gangamin tunawa da Stonewall, Sylvia Rivera, wadda take tattara yaran titi masu shigar mata tana nema musu makwanci, ta hau dandali da ƙyar, taron kuma ya yi mata ihu. Shekara huɗu kacal bayan arangamar, waɗanda suka ci moriyarta sun fara jin kunyar waɗanda suka yi ta.

Faransa ta bi sawu ɗaya. André Baudry ya kafa Arcadie a 1954 bisa kamun kai da ɓoye suna. FHAR ta ɓullo a 1971 tana yi wa Arcadie kallon tsoffin matsorata. Cikin shekarar kuma matan FHAR suka gaji da yadda maza suka mamaye zauren taro suka kama gabansu. Ko a kan aure, wanda daga nesa ake zaton shi ne burin kowa, kansu bai haɗu ba. Faransa ta halatta shi a 2013, Amurka a 2015, amma tun kafin nan akwai masu cewa aure buƙatar mai gida da gado ce, wanda aka kora daga gidan ubansa makwanci da aiki da magani yake nema. A Ingila, a 2019, wasu suka fice suka kafa LGB Alliance, suka yar da harafin ƙarshe, wato suka raba gari da masu sauya jinsi.

Wannan na nesa ne. Labarin da ya fi dacewa mutumin Afirka ya riƙe shi ne na Simon Nkoli.

An haifi Nkoli a Soweto a 1957, ya taso cikin gwagwarmayar ɗalibai da mulkin wariyar launin fata. A 1983 ya shiga GASA, babbar ƙungiyar masu neman jinsi ɗaya ta Afirka ta Kudu a lokacin, wadda kusan duk mambobinta farar fata ne masu abin hannu, kuma wadda take alfahari da cewa ita ba ta siyasa. A ƙasar da baƙar fata ba ya da ƙuri'a, cewa ba ka siyasa ai siyasa ce. A 1984, bayan boren kuɗin haya a yankin Vaal, aka kama Nkoli, aka haɗa shi cikin mutum 22 da aka tuhuma da cin amanar ƙasa a shari'ar Delmas, tuhumar da take iya kai mutum ga igiya. GASA ta juya masa baya, abin da ya jawo ƙungiyar duniya ta ILGA ta dakatar da ita a 1987. A cikin kaso kuwa wata jarrabawar ce ta same shi, domin da ya bayyana wa abokan tuhumarsa halin da yake ciki, wasunsu suka nemi a raba shari'arsa da tasu don kada sunansa ya ɓata nasu. An daɗe ana gardama a ɗakin kurkuku kafin su yarda cewa wanda ya yarda a rataye shi tare da su ba za a ce ba nasu ba ne. Cikin waɗanda suka sauya ra'ayi har da Mosiuoa Lekota, wanda daga baya ya zama ministan tsaro. An sallami Nkoli a 1988, ya kafa GLOW a cikin unguwannin baƙaƙe, ya jagoranci jerin gwanon farko a Johannesburg a watan Oktoba na 1990. Da tsarin mulkin 1996 ya hana nuna bambanci a kan wannan batu, ba matsin wani ofishin jakadanci ne ya sa ba. Shugabannin ANC sun zauna kaso da mutumin, sun san shi. Ya rasu da cutar sida a 1998.

Amma ko a nan ɓaraka ba ta ƙare ba. Beverley Ditsie, abokiyar tafiyarsa, wadda ta yi jawabi a taron mata na duniya a Beijing a 1995, ta ja baya daga GLOW tana kukan cewa matsalolin mata ba su dami maza ba. A 2008 aka yi wa Eudy Simelane, ƴar wasan ƙwallon ƙafa ta ƙasa, fyaɗe aka kashe ta a KwaThema. A watan Oktoba na 2012, lokacin da ake bikin shekara-shekara a unguwar masu kuɗi ta Johannesburg da kiɗa da tallar kamfanoni, wasu mata baƙaƙe na ƙungiyar One in Nine suka kwanta bisa titi suna neman a yi shiru na minti ɗaya domin matan da aka kashe a unguwannin talakawa. Masu shirya bikin suka ture su, aka yi cacar baki a gaban kyamara. Doka ɗaya ce take kan mai mota da mai tafiya a ƙasa, amma dare in ya yi ba unguwa ɗaya suke komawa ba.

Sai Najeriya, wadda hayaƙinta yake shigowa ta Kamba da Kangiwa. A watan Janairu na 2006 gwamnatin Obasanjo ta gabatar da daftarin dokar hana auren jinsi, alhali babu wata ƙungiya a ƙasar da ta nemi a halatta shi. Ƴan fafitikar cikin gida, irin su Dorothy Aken'Ova mai cibiyar INCRESE a Minna, suka zaɓi su bi abin a hankali, suna fatan daftarin ya mutu a aljihun majalisa kafin zaɓen 2007. Sai ga ƙungiyar OutRage ta Landan, ta Peter Tatchell, ta yi shelar a yi wa hukumomin Najeriya ruwan wasiƙu daga ko'ina cikin duniya. A ƙarshen Janairu 2007, bayan taron Nairobi, ƴan fafitika daga ƙasashen Afirka da dama suka fitar da takarda a bainar jama'a suna cewa kada kowa ya amsa wannan kira, domin ba a shawarce su ba, kuma hayaniyar tana iya farkar da daftarin da ya yi barci. Suka kira ɗabi'ar da sunan sabon mulkin mallaka. Abin lura a nan, Tatchell ɗin nan shi ne a 1987 ya matsa wa ANC har Thabo Mbeki ya rubuto masa wasiƙar da ta buɗe ƙofar sauyin manufar jam'iyyar. Hannun da ya taimaka a wani wuri shi ne ya kusa ɓata miya a wani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Daftarin dai ya mutu da ƙarewar wa'adin majalisar.

Darasin bai shiga ba. A watan Oktoba na 2011 firaministan Ingila David Cameron ya yi barazanar rage agaji ga ƙasashen da suke hukunta masu neman jinsi ɗaya. Ƙungiyoyin Afirka fiye da 50 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, suka ce in aka yanke kuɗin likita da na lakwal, talaka ne zai sha wuya, cikinsa har da mutanen da ake cewa ana karewa, sannan maƙwabta za su ɗora musu laifin yunwar. A Uganda wasu ƴan fafitikar ba su yarda da wannan ba, suna ganin in ba don tsoron masu ba da agaji ba da tuni an zartar da hukuncin kisa. A watan Fabrairu na 2014 Bankin Duniya ya jinkirta wa ƙasar rancen dalar Amurka miliyan 90, kuma kuɗin na kiwon lafiya ne. Kowane ɓangare yana da hujja, amma ga abin da ya biyo baya a Najeriya: wata guda bayan furucin Cameron, ran 29 ga Nuwamba 2011, majalisar dattawa ta amince da dokar, ƴan majalisa suna ta bugun ƙirji cewa Ingila ta riƙe kuɗinta. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu ran 7 ga Janairu 2014. Dokar ta yanka shekara 14 ga wanda ya ɗaura irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya halarta ko ya taimaka, ko ya kafa ƙungiya, ko ya shiga, ko ya goyi bayanta. Cikin watan, a Bauchi, taron jama'a ya yi wa kotun shari'a ruwan duwatsu yana neman a miƙo masa waɗanda ake tuhuma, har alƙali ya ɗage zama.

To, a nan ne ya kamata a tsaya a daɗe, domin akwai wata ɓaraka wadda ta fi duk waɗanda aka ambata zurfi, kuma a ƙasar Hausa take. Ita ce tsakanin masu magana a taron Janeba da mutanen da ba su taɓa jin sunan taron ba.

Kowa a zauren nan ya san ɗan daudu. An san shi a bakin tasha yana suyar kaji da tuyar masa, an san shi a gidan biki yana juya tukunyar da mata goma ba su iya ba, an san shi a gidajen mata masu zaman kansu yana kai saƙo yana karɓar la'ada, an san bakinsa da habaicinsa da tafin hannunsa. Ba daga Turai aka kawo shi ba. Ya riga jirgin sama zuwa, wasu masana ma suna danganta sunan da Ɗan Galadima na bori. Wani Ba'amurke masanin harshe, Rudolf Gaudio, ya zauna da ƴan daudun Kano cikin shekarun 1990, ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009. Abin da ya tarar ya saɓa wa zaton Bature da na mai wa'azi baki ɗaya. Daudu sana'a ce da ɗabi'a da zumunci, ba kowane ɗan daudu ne yake neman maza ba, kuma da yawa daga masu neman maza, waɗanda a tsakaninsu suke kiran kansu masu harka, ba ƴan daudu ba ne: mutane ne masu rawani da gemu da ofis, waɗanda ba a taɓa nuna su da yatsa ba. Ƴan daudu da yawa suna da mata da ƴaƴa, suna salla, suna azumi, suna tara kuɗi su tafi Makka, wasu ma sun yi shekaru suna sana'ar abinci a Jidda. Ba su taɓa neman a ɗaura musu aure da namiji ba, ba su nemi tuta ba, ba su ce a sauya addini ba. Abin da suke nema shi ne a bar su su sayar da abincinsu.

Ƙasar Arewa tana da nata sanin a kan wannan. Wanda ya taɓa tsayawa wurin wasan bori a Dogon Dutsi ko Bagaji ko Lugu ya ga namiji wanda Doguwa ko Mariya ta hau an ɗaura masa zane da kallabi, ya ga mace wadda iskan namiji ya hau ta sa riga da hula, kuma babu wanda ya ruga kiran jandarma. Adeline Masquelier, wadda ta yi bincikenta a garin nan tun ƙarshen shekarun 1980, ta bayyana yadda wannan duniya ta yi ta ja da baya a littafinta Prayer Has Spoiled Everything na 2001. Ba ana cewa bori da luwaɗi abu ɗaya ba ne, ko kusa. Ana cewa ne kakanni sun san akwai mutanen da ba su zauna daidai cikin layin maza ko na mata ba, suka ba su gefen tabarma, suna yi musu dariya, suna ƙyamar su wani lokaci, amma ba su gina musu kaso ba.

Gefen tabarmar nan ya fara ƙanƙancewa tun kafin haruffa huɗu su iso. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba na 1999, jihohi 11 suka bi, cikinsu har da Kebbi da Sakkwato da ke maƙwabtaka da Arewa. Aka rufe mashaya da gidajen mata, aka hana wasan bori a fili, mutanen da suke ci daga waɗannan wurare suka watse, wasu suka ƙetaro iyaka. A watan Nuwamba na 2000 zanga-zangar ƙin bikin FIMA ta tashi a Yamai da Maraɗi, kuma a Maraɗi ba masu ɗinkin Turai aka far wa ba, mashaya da gidajen mata da gidan Iya shugabar bori aka ƙona. A watan Agusta na 2007 aka kama maza 18 a wani otel a Bauchi bisa zargin shigar mata da ɗaurin aure. Maganar auren ba ta tabbata a kotu ba, amma sunayensu sun riga sun zaga duniya. Daga lokacin da rigimar auren jinsi ta cika rediyo, duk wani mai lanƙwasa murya ya zama wakilin Amurka a idon ƴan unguwa, shi da ko fasfo ba ya da shi. Mai harka mai kuɗi yana da katanga da ƙofar ƙarfe. Ɗan fafitika mai Turanci, in wuta ta yi zafi, yana da hanyar neman mafaka, kamar yadda Bisi Alimi, wanda ya bayyana kansa a talabijin ɗin NTA a 2004, ya ƙare a Landan bayan an kai masa hari. Ba a zarge shi da gudu ba, rai ya fi komai. Amma mai suyar kaji a bakin tasha yana nan inda aka bar shi.

Senegal ta ga irin haka da nata goorjigeen, waɗanda a da manyan matan Dakar ba sa biki ko gangamin siyasa sai da su. Bayan wata mujalla ta buga hotunan wani shagali a watan Fabrairu na 2008, kalmar da take sunan matsayi ta koma zagi mai jawo jifa.

Daɗin daɗawa akwai rigimar kuɗi, wadda duk wanda ya taɓa aiki da furoje ya san kamanninta. Mafi yawan kuɗin da ya shigo wannan fage a Afirka ta Yamma ta ƙofar yaƙi da sida ya shigo, don haka ya tafi ga ƙungiyoyin maza na manyan birane, masu iya rubuta rahoto da Faransanci ko Ingilishi. Mata suka ce an manta da su, mutanen karkara ba a ma san da su ba. Ƙungiya takan rabu biyu ba don aƙida ba sai don wa zai tafi taro, wa zai sa hannu a banki. A matakin nahiya kuwa, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta zartar da ƙuduri mai lamba 275 a 2014 wanda ya yi tir da duka da kisa a kan wannan zargi, ta ba ƙungiyar mata ta CAL kujerar ƴan kallo a 2015, sannan ta janye kujerar a 2018 bisa matsin gwamnatocin Tarayyar Afirka.

Saura Nijar. Kundin hukunta laifuffuka na 1961 bai sa hannu a abin da manya biyu suka yi a ɓoye ba. Aya ta 282 ta tanadi kaso na wata 6 zuwa shekara 3 ga wanda ya aikata da ɗan jinsinsa wanda bai kai shekara 21 ba. Masu cewa sassauci ne Faransa ta kawo, su binciki asalin ayar: an kwafo ta ne daga dokar da gwamnatin Vichy ta kafa a 1942, wadda Faransa da kanta ta soke a 1982. Wato abin da aka gada daga Nasara hukuncin ne. A watan Janairu na 2023 shugaba Mohamed Bazoum ya ba da sanarwar cewa sabon kundin da ake shiryawa zai hukunta al'amarin. Sojoji suka kifar da shi ran 26 ga Yuli. Ran 26 ga Maris 2025 aka ƙaddamar da Kundin Sake Gina Ƙasa, wanda ɗaya daga ayoyinsa ta ambaci haruffan nan da suna, ta haramta, ta ce doka za ta hukunta. A ranar ce kuma aka rusa jam'iyyun siyasa duka, abin da ya kamata mai tunani ya ajiye a gefen zuciyarsa. Mali ta kafa tata dokar a ƙarshen 2024, Burkina Faso ran 1 ga Satumba 2025, da kaso na shekara 2 zuwa 5. Farar hula da soja, waɗanda ba su yarda da juna a kan komai ba, a nan bakinsu ya zo ɗaya, domin babu dokar da ta fi wannan arha: ba ta buƙatar kasafin kuɗi, ba ta gina aji ko rijiya, kuma tafi take jawowa.

Mai sauraro yana iya cewa, to ina ruwan ɗan kasuwa da ma'aikaci? Ruwansu shi ne hujja. Sata tana barin kayan sata, kisa yana barin gawa, amma wannan laifi ne wanda ba ya barin komai sai magana, kuma magana kowa yana da ita. A farkon 2006 wasu jaridun Kamaru suka buga jerin sunayen manyan mutane kimanin 50, ministoci da ƴan kasuwa da mawaƙa, ba tare da wata shaida ba. Jaridun suka ƙare a kasuwa tun da safe, wani minista ya kai ƙara, kotu ta yanke wa mai jaridar L'Anecdote wata 4, amma ba kotun da take iya mai da wa mutum sunansa a gaban surukansa. A Uganda wata jarida ta buga sunaye da hotuna a watan Oktoba na 2010, David Kato yana ciki, aka kashe shi a gidansa a watan Janairu na 2011. Wannan abin kunya ne ga aikin jarida, kuma gargaɗi ne ga duk mai riƙe da alƙalami. A Malesiya, ƙasar Musulmi, da Mahathir ya so ya kawar da mataimakinsa Anwar Ibrahim a 1998, da wannan tuhuma aka ɗaure shi. Kotun ƙoli ta soke hukuncin a 2004, aka sake ɗaure shi da irinta a 2015, aka yi masa afuwa a 2018, ya zama firaminista a 2022. In an iya yi wa mataimakin firaminista haka, mene ne wuyar yi wa darektan lakwal da wani yake son kujerarsa, ko ɗan kasuwar da wani yake bin sa bashi, ko wanda ake rigimar gona da shi?

Malaman fiƙihu sun hango wannan tun da daɗewa, shi ya sa suka tsaurara ƙofar shaida fiye da yadda suka tsaurara hukuncin. A mazhabar Malikiyya ana buƙatar shaidu huɗu adilai waɗanda suka gani da ido, ko iƙirarin da mai shi yake da damar janyewa. Suratun Nur ta tanadi bulala 80 ga mai ƙazafin da ya kasa kawo shaidunsa, Suratul Hujurat kuma ta hana leƙen asirin mutane. Dokokin zamani da ake kafawa da sunan kare addini sun ɗauki hukuncin sun bar shingen. A ƙarƙashinsu ana kama mutum da tsegumin maƙwabci, da yanayin tafiyarsa, da abin da aka gani cikin wayarsa bayan an ƙwace ta a shingen hanya, sannan a ce ya fanshi kansa ko a kira danginsa. Ɗan kasuwar da yake bin hanyar Kamba ko ta Sakkwato ya san yadda shinge yake zama kasuwa da zarar an ba mai tsaronsa sabon dalili.

Ma'aikatan likita kuma suna da tasu damuwar. A Dakar, a watan Disamba na 2008, ƴan kwanaki bayan babban taron sida na Afirka da aka yi a birnin, aka kama maza 9, cikinsu har da masu aikin wayar da kai a kan cutar, kororon roba da aka samu wurinsu ya zama shaida. An yanke musu shekara 8 a watan Janairu na 2009, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a watan Afrilu, amma kafin nan masu karɓar magani da yawa sun ɓuya. A Abuja masu bincike sun bi wasu maza masu neman maza kafin dokar 2014 da bayanta, suka buga sakamakon a mujallar The Lancet HIV a 2015: masu tsoron zuwa likita sun tashi daga kashi 25 cikin 100 zuwa kashi 38. Da yawa daga irin waɗannan maza, a Abuja ko Kano ko Doso, suna da matan aure a gida, kuma wanda ya daina zuwa karɓar maganinsa gidan nan yake komawa ya kwana.